Alwalar da Ta Tsayar da Biki a Japan

Ba na jin zan taɓa manta wata ranar Asabar da na yi a ƙasar Japan, ko da kuwa na so, kuma Allah ya sani na so. Har yau idan ina alwala na zo kan wanke ƙafa, sai in ji bayan wuyana ya ɗauki zafi.

Ni malamin gona ne, ɗan asalin Tsafe, ina aiki a Gusau. Na yi shekaru ina yawo a kan babur tsakanin Magami da ƙauyukan fadama, ina koya wa manoma dashen shinkafa a jere. Sai Allah ya kawo wani kwas na mako shida a Japan kan noman shinkafa, aka ce mutum biyu za a tura daga ofishinmu. Sunana ya fito tare da na Hajiya Rabi, wata abokiyar aikina 'yar Bungudu, wadda ta girme ni a shekaru kuma ta girme ni a hankali (wannan na biyun sai daga baya na amince da shi).

Ya kamata in faɗi wani hali nawa tun yanzu. Ni mutum ne mai son a ce ya sani. Kafin tafiyar na yi kwana uku ina karance-karance a waya, shi ke nan na zama masanin Japan na duk ofis. Wanda ya tambaye ni da wanda bai tambaye ni ba, kowa sai da ya ji cewa da tsinke suke cin abinci kuma jirgin ƙasansu ba ya latti. Hajiya Rabi tana dai saurare tana gyara mayafi.

Ana jibi za mu tashi na je Tsafe sallama. Na sami Baba a zaure a kan buzunsa. Ya yi mini addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "An ce mini mutanen can gumaka suka bauta ma. Ka tahi ka koyo shinkafarka ka dawo. Kada in ji an ce ka duƙa ma wani abu."

Na ce, "Haba Baba, ni?"

Makonni uku na farko sun tafi lafiya lau. Muna cikin laka da takalman roba, muna kallon yadda mutum ɗaya da ɗan injinsa ke dasa abin da mu sai an kira gayya. A Asabar ta huɗu aka ce za a kai mu yawon buɗe ido wani tsohon gari a bakin teku (kada ku tambaye ni sunansa, ya fi ƙarfin harshena). Mu ashirin ne daga ƙasashen Afirka daban-daban. Mai yi mana jagora da tafinta wata mata ce 'yar firit, sunanta Yumiko, mu kuma muka maƙala mata Malama. Tana riƙe da 'yar tuta don kada mu ɓace, kuma ban taɓa ganin ta tana tafiya a hankali ba.

Tun a cikin bas na matsa kusa da ita na tambaye ta maganar sallar azahar. Ta duba takardarta ta ce da Turanci, "Kada ka damu. A wuri na ƙarshe da za mu je, da ƙarfe ɗaya da rabi, na shirya muku wuri. Akwai ruwa, kuma wurin yana da tsabta." Na ce na gode, na koma kujerata da wannan magana a kaina. Ku riƙe ta, don ita ce ta kai ni inda ta kai ni.

Da bas ta fito daga wani rami da aka huda a cikin dutse, sai ga teku. Ni ruwa mafi girma da na sani shi ne gulbin da ke bayan Gusau idan ya cika da damina, wanda ko a lokacin kana hango mutumin da ke ƙetare. Wannan kuwa ba shi da ƙetare. Na manna fuskata a gilashi na kasa magana, abin da ya sa Hajiya ta leƙo ta ce ko lafiya.

Mun fara da wata tsohuwar fadar yaƙi a kan tudu, farar fat, rufinta hawa-hawa, an kewaye ta da gwalalo mai ruwa. A cikin ruwan akwai kifaye jajaye da farare, kowanne ya kai damtsena, suna yawonsu babu mai ko kallonsu da nufin miya. Nan ma ban yi shiru ba. Na kama wani ɗan Kenya na yi masa lacca kan 'Yandoto, cewa mu ma muna da tsohon gari na malamai a kusa da Tsafe, har sai da ya ce zai je ban ɗaki bai dawo ba.

Daga nan aka kai mu haikalin mabiya addinin Buda. Tun daga ƙofa hayaƙin turare ya tare mu, ga wasu masu askakken kai cikin dogayen riguna suna share ganye. Muna shan kwana sai na yi turus. Wani gunki ne na tagulla a zaune ya tanƙwashe ƙafa, idanunsa a lumshe, tsawonsa ya fi benen ofishinmu. Kunnensa kaɗai ya kusa tsawona. Mutane suna zuwa gabansa su haɗa tafin hannu su sunkuya. Nan take maganar Baba ta faɗo mini, na miƙe ƙyam kamar taɓarya. Ana cikin haka hankicina ya faɗi ƙasa, a daidai gaban gunkin. Na dube shi, ya dube ni. Idan na sunkuya na ɗauka, me ke nan? Sai na taka shi da takalmi na dinga jan sa a ƙasa, kaɗan-kaɗan, har bayan wata bishiya.

Hajiya ta ce, "Malam, Allah ya san niyyar kowa. Ɗauki hankicinka."

Na ce mata a irin waɗannan wurare sai mutum ya yi taka-tsantsan. Haka na ce, da bakin nan nawa, saura sa'a guda in yi abin da na yi.

Wuri na ƙarshe wurin bauta ne na Shinto. A hanya Malama Yumiko ta yi mana bayani cewa shi ne tsohon addinin ƙasar, daban yake da na Buda, kuma suna girmama wasu abubuwa da suka ce suna zaune a duwatsu da bishiyoyi da teku, da kuma kakanninsu. A bakin ruwa akwai wata jar ƙofa, ginshiƙai biyu da katako biyu a gicciye a sama, babu bango babu ƙyaure, igiyar ruwa tana dukan ƙafafunta. Daga nan matattakalar dutse ta haura cikin kurmi.

Ta ɗaga tutarta ta ce, "Don Allah kowa ya tsaya kusa da ni. Idan mun hau sama akwai abu mai muhimmanci da zan nuna muku kafin mu shiga."

Kowa ya bi ta. Ni kuwa na ce wane abu ne za a nuna mini wanda ban karanta ba? Na tsaya a bakin ruwa na kunna waya ina ɗaukar bidiyo don mutanen ofis, ina magana da murya irin ta 'yan rediyo: "Jama'a, kamar yadda kuke gani a bayana..." Sau huɗu ina sakewa saboda iska tana karkata mini hula.

Da na gama na waiga, babu kowa. Na kama matattakala da sauri, na fara ƙirga su har na daina, na isa sama ina haki, gumi ya jiƙa farar shaddata. 'Yan ƙungiyarmu sun riga sun shige gaba. Na duba agogo, ɗaya da rabi ta wuce da minti biyar.

Sai na dubi dama. Wata 'yar rumfa ce mai kyau a kan ginshiƙai huɗu. A ƙarƙashinta akwai kwami na dutse, dogo, cike da ruwa garai-garai, ruwan yana zubowa daga bakin wani macijin tagulla mai ƙaho. An jera ludayoyin gora a kai, kowanne da doguwar mariƙa. Wata tsohuwa tana tsaye a wurin. Ina kallo ta ɗebi ruwa ta wanke hannun hagu, ta wanke na dama, ta zuba a tafinta ta kurkure baki.

Wallahi har ƙwalla na ji. Na ce a raina, dubi mutanen nan, ga ruwa, ga tsabta, ga ƙarfe ɗaya da rabi, daidai yadda Malama Yumiko ta faɗa. Har na fara tsara yadda zan ba da labari a Gusau cewa a Japan ko a wurin bautarsu sai da suka yi wa Musulmi wurin alwala.

Na cire takalma na ajiye gefe. Na tuɓe safa na rataya su a kafaɗa don kada su jiƙe. Na naɗe hannun riga, na tura hula ƙeya, na yi bisimilla.

Na wanke hannu. Na kurkure baki, irin kurkurar da ake ji daga ƙofar masallaci. Na shaƙa ruwa na fyace, sau uku, da gaskiyata. Na lura mutanen da ke kusa suna ja da baya a hankali, wani ma ya janye matarsa. Na ce ka ga tarbiyya, suna ba ni wuri. Har na ɗaga musu kai alamar godiya.

Na wanke fuska, na wanke hannuwa zuwa gwiwa, na shafi kai da kunne. Saura ƙafa. To ludayin nan ɗan mitsitsi ne, ƙasan wurin kuma tsakuwa ce jiƙaƙƙiya, ga farin wando. Sai dabara ta zo mini. Na ɗaga ƙafar dama na ɗora ta a kan leɓen kwamin, na dinga ɗibo ruwa ina zubawa ina tsefe tsakanin yatsu. Ruwan da ya bi ta ƙafar da ta wuni cikin takalmi tun safe yana gangarawa, yana komawa cikin kwamin, ni kuwa ina ta cuɗa dunduniya.

A nan ne na ji busa, wata siririyar sarewa mai kama da kuka, tana matsowa ta bayana. Na waiga ba tare da na sauke ƙafar ba.

Jerin gwanon biki ne. A gaba akwai wani dattijo cikin fararen kaya da doguwar baƙar hula, shi ne babban mai kula da wurin. Bayansa mata biyu masu hidima cikin fari da ja. Sai amarya, an lulluɓe ta da fari tun daga kai har ƙasa, ana riƙe mata wata babbar jar laima, ango a gefenta cikin baƙaƙen kaya. Bayansu iyaye da dangi a layi biyu, kowa ya ci ado. Kuma ba wucewa za su yi ba. Wurin kwamin nan suka nufo.

Suka tsaya. Mai sarewa ya ja wani dogon sauti, sautin ya mutu a tsakiya.

Ban san me ya hana ni motsi ba. Ina tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ludayi a hannu, ruwa yana ɗiga daga gemuna. Ina cikin wannan hali ɗaya daga cikin safar da ke kafaɗata ta zame ta faɗa cikin ruwan. Baƙa ce, mai huji a dunduniya (matata ta ce in bar ta a gida, na ce wa zai gani). Ta buɗe a kan ruwa, ta kama tafiya a hankali zuwa ɗaya ƙarshen, wajen da amarya take. Mutum kusan arba'in suka bi ta da ido, har da ni.

Sai na ji muryar Hajiya Rabi a kusa da kunnena, ƙasa-ƙasa.

"Malam. Sauke ƙahwar."

Kun san me na ce? Na ce, "Hajiya, saura ta hagu."

"Sauke ta don girman Allah. Wanga ba wurin alwala ba ne. Nan suka wanke hannu da baki kahin su shiga ɗakin bautarsu. Ko ɗigon da ya taɓa hannu ba a bari ya koma ciki. Shi ne abin da anka tsaida mu anka nuna muna, kai kana can kana hoto."

Na sauke ƙafar. Ban ji lokacin da ta taɓa ƙasa ba.

Malama Yumiko ta iso da gudu. Da ta ga safar a ruwa, tutar hannunta ta faɗi. Ta wuce gaban dattijon nan ta sunkuya har kanta ya kusa gwiwarta, tana maimaita wata kalma ɗaya. Ta juya wajen iyayen amarya ta sake sunkuyawa, ta ƙi ɗagowa. Wannan shi ne ya fi kashe ni. Ni na yi ɓarna, ita take neman gafara.

Kuma babu wanda ya ɗaga murya. Da a Gusau ne na yi wa bikin wani irin wannan, da tuni wani ƙanen uban ango ya zage ni tas, na rama, an shiga tsakani, an ba juna haƙuri, kowa ya huce. Nan kuwa shiru, sai ƙarar ruwan da ke fitowa daga bakin macijin nan. Wata tsohuwa a cikin dangi ta rufe bakinta da hannu biyu. Kafaɗun amarya suna girgiza a ƙarƙashin lulluɓi. Ni na ɗauka kuka take yi, Hajiya ta ce dariya ce, har yau ba mu daidaita ba.

Dattijon ya dubi ruwan, ya dubi ƙafata, ya yi magana a hankali. Matan nan biyu suka ja 'yan biki zuwa inuwa. Malama Yumiko ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, sai an zubar da ruwan duka an wanke dutsen an sake cika shi kafin amarya ta shiga.

Ni da na ja hankici da ƙafa don kada in sunkuya, ban san sanda na zube a gaban dattijon nan ba, durƙuso irin wanda muke yi wa manya a Tsafe, ƙafa ɗaya jiƙaƙƙiya ɗaya busasshiya. Na roƙi Malama Yumiko ta gaya masa cewa laifina ne ni kaɗai, don ta riga ta ce mu tsaya kusa da ita na ƙi, kuma a bar ni in wanke da hannuna. Sai ya sa aka miƙo mini burushi.

Na tsamo safata na cusa a aljihu. Na wanke dutsen nan ciki da waje, na bi kowane lungu, farar shaddata ta koma kalar ƙasa. 'Yan ƙungiyarmu suna tsaye nesa sun yi kamar ba su san ni ba. Ɗan Kenyan nan har ya juya baya yana karanta wani allo da aka rubuta da Japananci.

Ana cika ruwa dattijon ya tambaya me nake yi haka tun farko. Hajiya ce ta amsa. Ta ce mu Musulmi ne, muna wanke jiki haka kafin mu tsaya gaban Allah, sau biyar a rana. Malama Yumiko ta fassara. Ya tambaya ko har da ƙafa kowane lokaci, aka ce masa e. Ya jinjina kai ya faɗi wata gajeriyar magana.

"Ya ce ya fahimci abin da ka yi nufi," in ji Malama Yumiko. "Ya ce kana iya dawowa duk lokacin da kake so. Ƙafar dai ta tsaya a ƙasa."

An ɓata wa bikin nan fiye da rabin sa'a. Da sarewa ta sake tashi, Malama Yumiko ta ja mu ni da Hajiya muka sauka zuwa wani ɗakin hutawar baƙi kusa da inda bas ta tsaya. Nan ne wurin da ta shirya. Ga famfo, ga bokiti, ga sababbin silifa biyu, ga tawul a ninke, ga tabarma. A ƙasa ta manna wata farar takarda da ta zana kibiya a kai, ta nemo alƙibla tun jiya. Na tsaya ina kallon kibiyar nan. Na sake alwala daga farko, a tsugune.

Ranar Lahadi ban iya cin abinci ba. Na tabbata za a rubuta takarda zuwa Gusau, a ce ga wanda kuka turo. Ran Litinin shugaban kwas ya kira ni. Ashe Malama Yumiko ta riga ni shiga ta ce laifinta ne da ba ta ƙirga mu ba a saman matattakala. Na ce sam, na ba shi labarin yadda aka yi, har da bidiyon. Ya saurara, ya yi rubutu kaɗan, ya ce babu takardar da za ta je ko'ina. Na roƙi Hajiya ta rufa mini asiri, ta kuwa rufa. Muka dawo gida na ba da labarin teku da kifaye da injin dashe, aka yi ta mamaki.

Bayan shekara guda aka tura wani abokin aikinmu, Malam Lawali, wannan kwas ɗin. Ranar da ya dawo muka cika ofishinsa ana cin alewar tsaraba. Yana cikin labari ya ciro wani ɗan littafi daga jaka.

Ya ce, "Ku ga abin da anka ba mu tun ranar hwarko. Wai wani ya taɓa zuwa ya sa ƙahwa cikin ruwan tsarkinsu, ana tsakiyar biki. Sun ƙi hwaɗin sunanshi."

Ya buɗe shafin. Zane ne mai kyau, irin nasu. Ga rumfa, ga kwami, ga mutum ya ɗora ƙafa ɗaya a kai, an ja masa jan layi a gicciye. Mutumin yana sanye da kaftani, da hula an tura ta ƙeya.

Aka yi ta salati, littafin yana yawo hannu zuwa hannu. Da ya iso kaina na dube shi da kyau na ce, "Wannan da gani ɗan Nijar ne."

Hajiya Rabi tana ɓare alewa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kwas ɗinmu dai babu ɗan Nijar."

Mutum biyu kaɗai suka taɓa zuwa daga ofishinmu kafin Lawali, kuma Hajiya ba ta sa hula. Na ga lissafin yana shiga fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Dariyar da aka yi ranar sai da darakta ya fito ya tambayi abin da ya faru, aka miƙa masa littafin shi ma.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. Idan na je baƙon wuri aka ce a tsaya a ji bayani, ina tsayawa a sahun gaba, in kuma yi tambaya ko da na ga kamar na gane. Sannan idan na ga mutane suna ja da baya suna buɗe mini fili ba tare da sun ce uffan ba, na daina ɗauka girmamawa ce. Nakan fara duba inda ƙafata take.